Koyon Kiɗan Jitar Ƙarfe Daga Tsofaffin Fayafayai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin Don Williams a rediyo ya san wani amo da ke bin muryarsa daga baya, mai ja kamar ana kuka a hankali, yana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da ya yanke ba. Jitar ƙarfe ce ke fitar da shi, kuma a da yawa daga cikin waɗancan waƙoƙi hannun Lloyd Green ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu son koyon wannan kiɗa suka fi yi mini, musamman a kan ɗan gurbin nan na tsakiyar waƙa inda mawaƙi ke yin shiru ya bar wa makaɗi fili, wanda makaɗan Amurka ke kira solo.

Wace irin jita ce wannan?

Kwantar da ita ake yi, tsirkiyoyinta na kallon sama. Ba a danna tsirkiya da yatsa. Hannun hagu na riƙe da wani guntun ƙarfe mai santsi yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin, hannun dama kuma na kaɗa su da farata na ƙarfe guda biyu da na roba ɗaya a babban yatsa. Daga wannan guntun ƙarfen ta samo sunanta. Layukan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin zane ne kawai don ido ya san inda yake, kuma zan riƙa kiran su gidaje. Wanda ya san goge ko kukuma zai gane wahalar nan take: babu abin da zai tsayar maka da sauti a daidai in ba kunnenka ba.

A tsibiran Hawayi aka fara ta, ana danganta ta ga Joseph Kekuku wajen ƙarshen shekarun 1880. A 1932 aka fara sayar da mai lantarki, sannan a 1935 Bob Dunn ya shiga da irinta ɗakin ɗaukar sauti tare da ƙungiyar Milton Brown ta Tekzas. Akwai ta cinya, akwai mai ƙafafu da wuya biyu ko uku, akwai kuma mai feda, wadda ake taka fedoji da ƙafa ana tura libobi da gwiwa don a ƙara wa wasu tsirkiyoyi ɗauri ko a sassauta su ana cikin kiɗa.

Ga darussa birjik a YouTube. Me zai kai ni ga faifan da ya girmi mahaifina?

Darussan suna da amfani, ni ma ina kallon su. Amma mai darasin shi ma daga faifan ya ɗauko, kuma abin da zai miƙa maka shi ne abin da kunnensa ya kama, haɗe da halin hannunsa. In ka tsaya a kansa, ruwan da aka juye a kwano na biyu ka sha.

Sannan ka dubi yadda ake aikin a wancan zamani. A Nashville, birnin Amurka da ya zama cibiyar irin wannan kiɗa, zama ɗaya na ɗaukar sauti awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, kuma ana sa ran a fita da waƙa huɗu. Ana zama da ƙarfe 10 na safe, da 2, da 6, wani lokaci har da 10 na dare. Kowa na cikin ɗaki ɗaya, mawaƙi da makaɗa, a kaɗa tare a ɗauka tare. Mai jitar ƙarfe yakan ji waƙar ne a karon farko a wurin, a ba shi 'yan mintuna ya samo abin da zai buɗe ta da shi da abin da zai zuba a tsakiya. In ya yi kuskure, kowa zai koma farko. Saboda haka abin da ya fito ba shi da ƙari ko kaɗan: daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin, sau da yawa ma rabi ne, ɗaya rabin na mai gogen Turawa. Kowane sauti a ciki yana da aikin yi, kuma kusan kullum karin waƙar yake maimaita maka da irin muryarsa.

Wannan tsumulmular ita ce darasin. Ka ji inda ya shiga, ka ji inda ya janye ya bar wa mawaƙi numfashi. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Ba ka ga Don Helms, mai kaɗa wa mawaƙi Hank Williams jitar ƙarfe, ba, ba za ka gan shi ba, amma motsin hannunsa na ranar 23 ga Satumba 1952, ranar zaman ƙarshe da Hank Williams ya yi a sutudiyon Castle, yana nan a faifai yana jiran wanda zai zauna ya saurara.

Da wanne zan fara?

In jitarka ba ta da feda, fara da Don Helms. Kiɗansa a "Your Cheatin' Heart", wadda aka ɗauka a wancan zaman da na ambata, a fili yake, ba gudu, kuma can sama yake kaɗawa inda babu wani kayan kiɗa da zai rufe shi. An ce Fred Rose, mai shirya fayafayan Hank, shi ya riƙa tura shi saman, don amon ya ratsa hayaniyar mashaya in an sa faifan a akwatin kiɗa. Daga nan sai "Steel Guitar Rag" ta Leon McAuliffe tare da Bob Wills, 1936, wadda kusan kowane makaɗin jitar ƙarfe ya bi ta kanta, ko "Sleep Walk" ta Santo da Johnny, 1959.

In mai feda ce, "Together Again" ta Buck Owens, 1964, inda Tom Brumley ya kaɗa. A hankali take tafiya, sautukan ba su da yawa. Za ka gano su cikin yini ɗaya, sannan ka shekara kana neman yadda ya sa suka yi wannan kukan.

Ka bar kiɗan Speedy West da na Buddy Emmons a "Night Life" ta Ray Price tukuna. Za ka zo gare su.

Ta yaya zan san ko da feda aka kaɗa ko babu?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a taɓa jita, domin ni na yi asarar makonni a kanta. Na taɓa zama da jitar cinya ina ta murɗa wuyan hannu don in fitar da wani motsi da na ji a faifai, ashe ƙafa ce ta yi shi ba hannu ba.

Fara da shekara. A ƙarshen 1953 aka ɗauki "Slowly" ta Webb Pierce, ta fito a 1954, Bud Isaacs na kan jitar da Paul Bigsby ya ƙera. Akwai fedoji tun kafin nan, amma ana taka su ne a ɓoye, a sauya ɗauri tsakanin wannan haɗin sauti da wancan. Isaacs shi ne ya taka feda tsirkiyoyi na cikin ƙara, har aka ji wasu na hawa wata na tsaye. Waƙar ta girgiza makaɗa ƙwarai, wasu suka riƙa haɗa wa jitocinsu fedoji da waya da tarkacen ƙarfe a gida. Don haka in faifan Nashville ne na kafin 1954, ka ɗauka babu wannan motsi. Hank Williams ya rasu ranar 1 ga Janairu 1953, ke nan duk abin da ka ji a fayafayansa aikin hannu ne.

Sai kunne. In ƙarfe ne ya zame a miƙe, duk sautukan tare suke tafiya, tazararsu ba ta sauyawa. In ɗaya ya tsaya cak kamar an kafe shi, ɗayan ya hau ya same shi, feda ce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne karkata ƙarfe, wato a juya shi ya kwanta a gicciye, bakinsa a wani gida gindinsa a wani. Jerry Byrd ya ƙware a wannan har za ka rantse feda ya taka, alhali bai yarda da feda ba har ya bar duniya. In ka rage gudun faifan za ka ji sautin da ya kamata ya tsaya yana ɗan motsi kaɗan yayin juyawar. Wannan ɗan motsin shi ne shaidar hannu.

Akwai kuma wani bambanci a cikin masu fedar kansu. Fedar Isaacs guda ɗaya ce tana ɗaga tsirkiya biyu lokaci guda. A 1956 Buddy Emmons ya raba aikinta gida biyu, Jimmy Day ma ya yi haka, sai dai kowa da yadda ya jera nasa, abin da ya sa har yau ake tambayar mai jita ko jerin Emmons yake bi ko na Day. Libar gwiwa mai ɗaga sautin E zuwa F (da irin waɗannan haruffa ake kiran sautuka) kuwa sai wajen 1968 ta bayyana, ana jin ta a hannun Lloyd Green a "D-I-V-O-R-C-E" ta Tammy Wynette. In kana koyon solon 1958 ka ga sai da wannan liba yake fita, to ba inda mai shi ya kaɗa kake ba.

Wane ɗauri zan yi wa tsirkiyoyina?

A jitar cinya mai tsirkiya shida, C6 ya fi yaɗuwa: daga mai kauri zuwa siririya, C, E, G, A, C, E. Jerry Byrd ne ya fito da martabarsa. Helms kuwa yawancin aikinsa a wani ɗauri ne na E mai irin wannan tsari, amma ya fi tsayi. Za ka iya kaɗa abinsa a C6, sai dai ka haura gida huɗu.

A mai feda, kiɗan Nashville a E9 yake. Tsirkiya goma, daga ta ɗaya zuwa ta goma: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Fedar da ake kira A na ɗaga tsirkiyoyin B biyun nan, ta 5 da ta 10, zuwa C#. Wadda ake kira B na ɗaga tsirkiyoyin G#, ta 3 da ta 6, zuwa sautin A. Riƙe wannan misali, zai buɗe maka solo da yawa: haɗin G yana gida na 3 ba feda, yana gida na 6 da feda A da libar F, yana gida na 10 da A da B tare. Yawancin abin da za ka ji a fayafayan shekarun 1960 tafiya ce tsakanin irin waɗannan wurare, sai dai na libar F bai shigo ba sai wajen 1968.

Ka tuna cewa goman nan ba rana ɗaya suka taru ba. Takwas ake da su a da, tsirkiya ta 1 da ta 2 Emmons ne ya ƙara su a farkon shekarun 1960. A solon da ya girmi wannan lokaci, ka manta da su.

Yaya ake rage gudun faifai?

Mutanen da sun sha wuya a nan. Faifai mai juyi 33 a minti sai a mai da shi 16, in garmahon yana da wannan saiti. Gudu ya ragu da rabi, amma sauti ya faɗi ƙasa da gida goma sha biyu, jitar ta koma kamar gurnani. A ɗaga allura a mayar, a ɗaga a mayar, har faifan ya cinye a daidai wurin. Yanzu Audacity kyauta ce, tana rage gudu ba tare da sauti ya faɗi ba, Transcribe! da Amazing Slow Downer ma suna wannan aiki. YouTube ma na da maɓallin rage gudu.

Ga yadda nake yi. In saurari waƙar gaba ɗaya sau da yawa jita na rufe, har sai na iya rera solon da baki. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, kunnenka bai gama jin sa ba, hannu kuma ba zai same shi ba. Daga nan in yanki daƙiƙa biyu ko uku in sa su juyawa a kashi 70 cikin ɗari na gudun asali. In nemi sautin sama tukuna a tsirkiya ɗaya, sannan wanda ke ƙarƙashinsa. Ba na son sauka ƙasa da rabi, domin a nan rawar ƙarfe, wato mirgina shi don sauti ya yi rawa, takan narke ta zama wani abu dabam. Kuma kowace rana sai na koma cikakken gudu kafin in tashi, ko da ban iya bi ba.

Manhajojin da ke raba murya da kayan kiɗa suna taimakawa wani lokaci. A tsohon faifan da aka ɗauka a layi ɗaya sukan haɗa jitar da goge, su kuma yanke jelar sauti, wurin da rabin daɗin yake.

Na ɗaure jitata daidai da na'urar auna sauti, amma ta ƙi haɗuwa da faifan.

Mai yiwuwa ba laifinka ba ne. Injinan ɗauka na da ba kullum suke juyawa daidai ba, wani lokaci ma da gangan ake ɗan ƙara wa tef gudu, kuma ƙungiya takan bi fiyanon da ke ɗakin ne ko yaya yake. Duk wanda ya ji kaset a rediyon da batirinsa ya yi sanyi ya san yadda gudu ke jan sauti ƙasa. In garmaho kake amfani da shi wanda aka yi wa wutar Amurka mai bugu 60, a wutarmu mai bugu 50 wasunsu a hankali za su juya. Gyaran mai sauƙi ne: kada ka taɓa jitarka, ka ɗaga ko ka sauke faifan a manhaja har ya zauna.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Tsofaffin makaɗa da kunne suke ɗauri. Sukan sassauta G# kaɗan har sai sun daina jin tsirkiyoyin na kaɗa juna, kuma wannan wuri yana ƙasa da abin da na'ura ke nunawa da kusan kashi 14 cikin ɗari na gida ɗaya. In ka bi allurar na'ura ido rufe, haɗinka zai yi tsami kusa da nasu.

Na samo dukkan sautukan, amma har yanzu bai yi kama ba. Me ya rage?

Kusan komai. Gano sautuka shi ne sashe mafi sauƙi.

Fara da kashe tsirkiya. A jitar ƙarfe sauti ba ya mutuwa da kansa da wuri, in ba ka kashe shi ba zai bi na gaba ya dagula shi. Ana kashewa da gefen tafin hannun dama, ko a mayar da farcen kan tsirkiyar. Saurari Ralph Mooney a fayafayan Wynn Stewart da na farkon Buck Owens a Kalifoniya: sautukansa gajeru ne, suna tsalle kamar gyaɗa a kasko, kuma sirrin yana ga inda yake yanke su. A Nashville Jimmy Day yakan bar su su ja. Sauti ɗaya ne a takarda, hannu biyu ne a faifai.

Sai fedar ƙara, wadda ƙafar dama ke kai. Sabon shiga yakan danne ta ya ɓoye bugun farce sannan ya buɗe, ya yi ta haka a kowane sauti har kiɗan ya koma kamar numfashin mai haki. Manyan ba haka suke yi ba. Ana jin bugun farcensu sarai, sannan su ƙara ƙara a hankali daidai yadda tsirkiyar ke mutuwa, sai sautin ya zama kamar ba shi da ƙarshe.

Sai rawar ƙarfe. Yaushe ta fara? Jerry Byrd yakan isa sautin ya tsaya a kansa tsaf, sannan ya fara mirgina ƙarfen. Wanda ya fara rawa tun kafin ya isa, ɓoye rashin daidaito yake yi, kuma ana ganewa. Haka saurin taka feda: a "Together Again" ana matsa ta ne sannu a hankali kamar mai tatsa, in ka take ta farat ɗaya ka zubar da solon.

Ka ɗauki kanka a waya, ka saurara kusa da na asali. Ba daɗi a karon farko. Babu malamin da ya kai wannan gaskiya.

Ta yaya zan san wanda ya kaɗa a faifai?

Tsofaffin fayafayai ba sa rubuta sunayen makaɗa. An samo su ne daga takardun kwangilar ƙungiyar makaɗa da kundin kamfanoni, kuma kamfanin Bear Family na Jamus ya yi suna wajen buga su, zama bayan zama, a cikin tarin da yake sake fitarwa. Sanin yana da amfani, domin shi zai gaya maka ɗauri da irin jitar. Mutane kan ɗauka duk waƙar Hank Williams Helms ne, amma a "I'm So Lonesome I Could Cry", wadda aka ɗauka a Cincinnati a 1949, Jerry Byrd ne. In ka shiga neman ta da salon Helms za ka daɗe kana lalube.

Rubutaccen zane na gidaje da tsirkiyoyi fa, laifi ne?

A'a. Amma ka gwada da kunnenka tukuna, ko da kwana uku, sannan ka duba. Inda kuka saɓa da takardar, faifai ne alƙali. Kuma abin da ka gano da kanka ka rubuta shi, har da ranar da ka rubuta, domin bayan shekara za ka dawo ka ji abin da ya wuce ka.

Ba ni da jita mai feda, kuma kuɗinta ya fi ƙarfina.

Tana da tsada, tana da nauyi, mai gyaranta ma ba ko'ina ake samu ba. Amma duk abin da aka kaɗa daga Sol Hoopii a shekarun 1920 zuwa Helms a 1952 ba ya buƙatar feda ko ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa aikin shekaru. Jita ta yau da kullum ma tana yi: a ɗaga tsirkiyoyin daga wajen wuya da ɗan ƙarfe don kada su taɓa katako, a kwantar da ita a cinya. Sai dai ka kula, ɗaurin C6 yana son tsirkiyoyi masu kaurin da ya dace da shi, in ka ja na yau da kullum zuwa can za su tsinke ko su lanƙwasa wuyan. Da tsirkiyoyin da ke kanta, ɗaurin D ko G a buɗe ya fi aminci. Ƙarfen kuma ya zama mai nauyi da santsi, mara nauyi ba ya riƙe sauti.

Emmons da Day da Green duk da marar feda suka fara. Hannun da ya koyi daidaito a can ba ya rasa shi in ya hau mai feda.

Kwaikwayon wani ba zai hana ni samun salon kaina ba?

Ban taɓa ganin wanda ya cutu da wannan ba. Yaron makaɗi a gidan sarauta shekaru yake yi yana amshi a bayan ubangidansa kafin a ji muryarsa shi kaɗai, kuma in ta fito tasa ce. Abin da nake ba da shawara shi ne kada ka tsaya a kan mutum ɗaya, kuma kowane solo ka koya ka kai shi wani wuri: ka sauya masa gida, ka gwada rabinsa a kan wata waƙa, ka tambayi kanka me ya sa ya zaɓi wannan sauti a kan wannan kalma ta mawaƙi.

Ka saurari Demola Adepoju a ƙungiyar King Sunny Ade, a faifan "Juju Music" na 1982. Jita mai feda ce irin ta Nashville, zamiyar ma ka san daga inda ta samo asali, amma a tsakiyar gangunan Yarbawa take yawo, tana amsa musu. Bayan shekara huɗu Paul Simon ya sa shi a faifan "Graceland". Ka sa wannan, sannan ka koma ka sa Jerry Byrd na 1949, ka bi hannun hagu kaɗai a duka biyun.